Tsofaffin Magungunan Asibiti a Keffi: Amfaninsu da Matsayinsu a Gaban Doka

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. A fagen magungunan asibiti, wannan karin magana yana da gaskiya a wani wuri, a wani wurin kuma yana iya jefa mutum cikin hatsari. Akwai ƙwayoyi da allurai da suka haura shekara sittin, wasu ma ɗari, waɗanda har gobe likita ba shi da abin da ya fi su. Akwai kuma waɗanda jama'a suka tashi da sunansu a baki, alhali hukuma ta daɗe da janye su daga kasuwa, ko kuma cutar da ake sha dominta ta daina jin su.

Garin Keffi, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja, wuri ne da wannan bambanci ke da muhimmanci a kullum. A nan ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya take, wadda ke karɓar marasa lafiya daga Karu da Garaku da Nasarawa da ƙauyukan kewaye. A nan ne kuma Jami'ar Jihar Nasarawa take da dubban ɗalibai. Tsakanin ɗakin ba da magani na asibiti, da manyan kantunan masana harhaɗa magunguna, da ƙananan shagunan kemis na unguwa, magani ɗaya yana iya fitowa ta hannu uku, kuma ba kowane hannu doka ta yarda ya miƙa shi ba.

Shekarun da magani ya yi a duniya ba su ne ke yanke masa hukunci ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne amsar tambayoyi uku: shin wannan samfurin, a wannan ƙarfin, yana da rajista? Shin har yanzu ana ba da shawarar amfani da shi ga wannan cutar? Kuma wane ne doka ta ba ikon rubuta shi da sayar da shi?

Yadda aka fara tantance magunguna

Kafin ƙarni na ashirin ya yi nisa, kamfani na iya haɗa magani ya fitar kasuwa ba tare da ya nuna wa kowa shaidar cewa ba ya cutarwa ba. Asarar rayuka ce ta kawo dokokin da ake bi yanzu. A 1937, wani ruwan magani da aka narkar da sinadarin salfa a cikin dayetilin gilaikol, wani ruwa mai zaƙi da ke lalata ƙoda, ya kashe mutane sama da 100 a Amurka. A 1938 ƙasar ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanoni nuna cewa sabon magani ba shi da hatsari kafin a sayar da shi. Bayan haka sai ga talidomaid, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1957 ana ba masu juna biyu domin tashin zuciya da rashin barci. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai kimanin 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu a ƙasashe da dama. Wannan ya sa a 1962 Amurka ta ƙara sharaɗi na biyu: sai an tabbatar da cewa maganin yana warkar da abin da aka ce yana warkarwa.

Najeriya ma ta sha nata ɗacin. A 1990, lokacin da Keffi ke cikin tsohuwar jihar Filato, yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da wannan sinadari na dayetilin gilaikol. Idan aka haɗa da waɗanda suka rasu a Ibadan, adadin ya kai 109. Farasitamol kansa tsohon magani ne mai aminci. Ruwan da aka narkar da shi ne ya zama guba. Wannan al'amari na cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, da doka mai lamba 15 ta 1993. A shekarar ce kuma aka yi doka mai lamba 19, wadda ta hana sarrafawa ko shigowa ko tallatawa ko sayar da kowane magani a ƙasar nan sai an yi masa rajista.

Sinadarin ya sake ɓulla a ƙarshen 2008 a cikin ruwan maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, inda yara 84 suka rasa rayukansu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu hukuncin ɗaurin shekara bakwai.

Abin da lambar NAFDAC ke nufi

Hukumar ba ta yi wa sunan magani rajista a dunƙule. Tana yin rajistar samfuri ne: wane kamfani ya yi shi, a wace masana'anta, ƙwaya ce ko ruwa ko allura, kuma miligiram nawa ne. Saboda haka magani ɗaya yana iya zama halal a wani ƙarfi, haram a wani ƙarfin. Rajistar tana aiki na shekara biyar, daga nan sai a sabunta ta, kuma hukumar na da ikon soke ta idan sabuwar shaida ta nuna hatsari.

Ban da rajista, akwai wasu takardu biyu da ke fayyace matsayin magani. Na farko shi ne Jerin Muhimman Magunguna na Ƙasa, wanda ya samo asali daga jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fara fitarwa a 1977, Najeriya kuma ta ba nata ƙarfin doka a 1989. Na biyu su ne ƙa'idojin jinya na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, waɗanda ke faɗin maganin da za a fara da shi ga kowace cuta. Magani na iya samun lambar NAFDAC amma ƙa'idar jinya ta cire shi daga aikin da jama'a suka san shi da shi. Rashin fahimtar wannan ne ke jawo mafi yawan ruɗani game da tsofaffin magunguna.

Tsofaffin da har yanzu ake dogaro da su

Metfomin, maganin ciwon suga nau'i na biyu, an fara ba marasa lafiya shi a Faransa a 1957. Amurka ba ta amince da shi ba sai tsakiyar shekarun 1990, amma a yau shi ne abin da likitoci ke farawa da shi kusan a ko'ina, saboda araha da kuma cewa shi kaɗai ba ya cika faɗar da suga ƙasa da kima. Ana rage shi ko a dakatar idan ƙoda ta yi rauni. Takwaransa da aka fi sani da Daonil shi ma tsoho ne mai rajista, sai dai yana iya faɗar da suga sosai, musamman ga tsofaffi da masu azumi, don haka ake so mai shan sa ya ga likita kafin watan Ramadan.

Finobabiton ya shiga kasuwa a 1912, kuma har yanzu yana cikin jerin muhimman magungunan farfaɗiya na WHO, ana kuma amfani da shi wajen tsayar da jijjigar jarirai. Yana sa barci da kasala, jiki kuma yana sabawa da shi, ta yadda daina shan sa kwatsam kan tayar da farfaɗiya mai tsanani. Yana cikin magungunan da ake sa wa ido na musamman a ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971.

Digoksin ya samo asali daga wani tsiro da likitan Ingila William Withering ya yi rubutu a kansa a 1785, an kuma ware sinadarin a 1930. Ana ba da shi ga wasu masu raunin zuciya da masu bugun zuciya marar tsari. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙarama ce ƙwarai. Tashin zuciya, rashin son abinci da ganin abubuwa sun koma rawaya na cikin alamun ya yi yawa a jiki.

Metildofa, wanda aka fi sani da Aldomet, ya fito a farkon shekarun 1960. Sababbin magungunan hawan jini sun karɓe masa wuri ga yawancin mutane, amma ya ci gaba da zama zaɓi ga mai juna biyu, domin shekaru masu yawa na amfani da shi sun nuna ba ya cutar da ɗan tayi, alhali wasu daga cikin sababbin suna cutarwa.

Allurar maginiziyam salfet ita ce babbar shaidar darajar tsohuwar zuma. Tun shekarun 1920 ake amfani da ita ga jijjigar masu juna biyu, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Najeriya. Wani babban gwaji da aka wallafa a 1995 ya nuna ta fi allurar Valium hana jijjigar dawowa, wani kuma na 2002, da ya ƙunshi mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage hatsarin kamuwa da jijjigar da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Magani ne na asibiti kawai, domin sai ana lura da numfashi da fitsarin mai jinya.

Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, har yanzu allurarsa mai daɗewa a jiki ita ce maganin tunjere, da kuma kariya ga yaran da ciwon maƙogwaro ya taɓa musu zuciya.

Waɗanda aka sauya wa aiki

Babu maganin da ya kai kulorokwin shahara a wannan rukuni. An ƙirƙiro shi a Jamus a 1934, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zama maganin zazzaɓin cizon sauro na kowa da kowa, duk da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa mutane da yawa. Daga ƙarshen shekarun 1970 ƙwayar cutar ta fara bijire masa a gabashin Afirka, sannan bijirewar ta iso Najeriya. Gwaje-gwajen da aka yi a sassan ƙasar a 2002 sun nuna ya gaza ga kaso mai yawa na marasa lafiya, a 2005 kuma gwamnatin tarayya ta sauya ƙa'ida zuwa haɗin magungunan da ake kira ACT. Wanda ya sha kulorokwin a Keffi a yau domin zazzaɓi yana iya jin sauƙi na kwana biyu, amma ƙwayar cutar ta ci gaba da yaɗuwa a jininsa. Ga ƙaramin yaro, wannan jinkiri kan kai ga suma da ƙarancin jini. Kulorokwin da ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin suna da sauran aiki a wasu cututtukan gaɓɓai da na garkuwar jiki, a ƙarƙashin kulawar likita. A watan Maris na 2020 jami'an lafiya a Legas sun ba da rahoton mutanen da suka sha shi fiye da kima saboda tsoron korona, daga baya kuma manyan gwaje-gwaje suka nuna haidiroksikulorokwin ba ya rage mutuwa daga cutar.

Kwinin ya girme shi nesa ba kusa ba. Masana biyu a Faransa ne suka ware shi daga ɓawon bishiyar sinkona a 1820. A 1854, William Baikie ya bi kogin Binuwai, wanda ya ratsa kudancin jihar Nasarawa ta yau, yana ba ma'aikatan jirginsa kwinin kullum, ya kuma koma ba tare da zazzaɓi ya kashe ko ɗaya daga cikin Turawan da ke tare da shi ba. Shekaru da dama kwinin a cikin ƙarin ruwa shi ne maganin zazzaɓi mai tsanani. Wani gwaji da aka wallafa a 2010, wanda ya ƙunshi yara 5,425 a ƙasashen Afirka har da cibiya a Ilorin, ya nuna kashi 8.5 cikin ɗari ne suka rasu cikin waɗanda aka yi wa allurar atesunet, idan aka kwatanta da kashi 10.9 na waɗanda aka ba kwinin. Tun daga nan atesunet ya zama na farko, kwinin ya koma madadi idan ba a samu na farkon ba. Yana sa ƙarar kunne, yana kuma faɗar da sugan jini.

Fansidar, wanda ake haɗiye ƙwaya uku lokaci ɗaya, shi ma ya daina zama maganin warkar da zazzaɓi, amma ya samu aiki biyu na rigakafi. Ana ba masu juna biyu shi a wurin awon ciki bayan wata uku na farko, da tazarar aƙalla wata ɗaya, sau uku ko fiye kafin haihuwa. Ana kuma haɗa sinadarinsa da wani magani a ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina, tsarin da WHO ta ba da shawararsa a 2012, kuma jihar Nasarawa na cikin jihohin da ake gudanar da shi. Bai dace da wanda jikinsa ba ya karɓar salfa ba, ko mai shan Septrin kullum.

Haidiroksiyuriya an fara amfani da shi ne ga wasu nau'o'in kansar jini a shekarun 1960. A 1998 Amurka ta amince da shi ga manya masu amosanin jini, wato sikila, bayan an gano yana ƙara irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Yana rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Wannan ya shafi Keffi kai tsaye, domin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke garin na cikin cibiyoyi shida da gwamnatin tarayya ta ware domin kula da masu sikila, ɗaya a kowace shiyya, ita ce kuma ta shiyyar Arewa ta Tsakiya. An ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a Najeriya duk shekara. Binciken da aka gudanar a asibitocin Kano ya nuna maganin na taimakawa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Ba a shan sa sai da gwajin jini a kai a kai, domin yana iya rage ƙwayoyin jini.

Misofurostol ya shiga kasuwa ne a shekarun 1980 domin kare ciki daga gyambo. A watan Janairun 2006 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi masa rajista domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Fifikonsa shi ne ƙwaya ce da ba ta buƙatar firiji, saɓanin allurar oksitosin da zafi ke rage wa ƙarfi. Amma idan aka ba mai naƙuda shi ba bisa ƙa'ida ba domin a gaggauta haihuwa, yana iya fasa mahaifa.

Kuloramfenikol, wanda aka gano a 1947, ya daɗe yana matsayin maganin taifod. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutane sama da 100,000 a arewacin Najeriya ta kuma kashe fiye da 11,000, allurarsa mai mai ta ceci rayuka da yawa. Daga baya aka ja baya da shi saboda ƙwayoyin taifod sun bijire masa, kuma a wasu mutane ƙalilan yana kashe ɓargo ya hana jiki yin jini. An fi amfani da shi yanzu a matsayin ɗigon ido, ko inda likita ya ga babu madadi.

Waɗanda aka haramta ko aka taƙaita

Novalgin da Analgin sunaye ne na sinadarin daifiron, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1922 domin zazzaɓi da raɗaɗi. Yana iya share fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, yana kuma iya jawo mummunan rikicewar jiki nan take bayan allura. Suwidin ta janye shi a 1974, Amurka a 1977, NAFDAC kuma ta haramta shi a 2005. Har yanzu ana amfani da shi a Jamus da Birazil da wasu ƙasashe, abin da ke nuna hukumomi na iya duban shaida ɗaya su yanke hukunci daban. Samunsa a wata ƙasa bai halatta shi a nan ba. Duk wanda aka gani a kanti a Najeriya ta ɓarauniyar hanya ya shigo.

Jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta da aka gano a 1963, misali ne na yadda hukunci ke bin ƙarfin magani. A watan Oktoban 2010 NAFDAC ta soke rajistar mai miligiram 280 saboda rahotannin kurumta da lalacewar ƙoda da mutuwa. Masu ƙaramin ƙarfi, irin su mai miligiram 80, suna nan da rajistarsu, asibitoci kuma na amfani da su kullum bisa nauyin mai jinya.

Kodin an ware shi a Faransa a 1832. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC ya fallasa yadda matasa ke shan ruwan maganin tari mai kodin domin maye, musamman a Kano da Jigawa, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta hana sarrafa irin wannan ruwan magani da shigo da shi.

Tiramadol ya fito a Jamus a 1977, kuma magani ne na halal ga raɗaɗi mai matsakaicin ƙarfi zuwa mai tsanani. Ƙarfin da NAFDAC ta amince da shi shi ne miligiram 50 da 100, da takardar likita. Masu miligiram 120 da 200 da 225 da 250, waɗanda hukumar NDLEA da jami'an kwastam ke yawan kamawa, ba su da rajista ko kaɗan. Yawan shan sa na jawo jijjiga da tsayawar numfashi.

Waɗanda ake amfani da su ba tare da cikakkiyar shaida ba

Akwai rukunin da ke tsaka-tsaki. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969, yana ɓulla a jihar Nasarawa musamman da rani. Maganin da ke cikin ƙa'idar Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, shi ne ribabirin, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Amfani da shi ga Lassa ya dogara ne mafi yawa a kan wani bincike da aka yi a Saliyo aka wallafa a 1986, wanda ya nuna yana da amfani idan aka fara da wuri. Masana da suka sake duba binciken sun nuna yana da rauni, ana kuma neman sababbin magunguna ta hanyar gwaji. Kafin a samu, ana ba da shi a cibiyoyin da aka keɓe, tare da kula da ƙoda da ruwan jiki. Yana rage jini, yana kuma da hatsari ga ɗan tayi.

Irin wannan gibi tsakanin daɗewar amfani da amincewar hukuma ba a Najeriya kaɗai yake ba. A Amurka, magunguna da dama da suka riga dokokin 1938 da 1962 sun ci gaba da zama a kasuwa ba tare da hukumar FDA ta taɓa tantance su ba, har ta ƙaddamar da shirin tilasta musu neman amincewa a 2006. Kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓɓai da ake kira gawut, ya samu amincewa a 2009, amma da kamfani ɗaya ya mallaki kasuwarsa, farashin ƙwaya ɗaya ya tashi daga ƙasa da santi 10 zuwa kusan dala 5. Talidomaid ma, duk da tarihinsa, ya dawo a 1998 domin wata matsalar fata ta masu kuturta, daga baya kuma aka ƙara masa wani nau'in kansar ɓargo, bisa tsauraran sharuɗɗan hana mai juna biyu kusantarsa.

Wa ke da ikon ba da su

NAFDAC ke kula da maganin, hukumar PCN mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke kula da mai sayarwa da kantinsa. Kantin da masanin harhaɗa magunguna mai lasisi ke riƙe da shi ne kaɗai ke da ikon ba da magungunan da ke buƙatar takardar likita. Mai shagon kemis lasisinsa ya tsaya ga jerin magungunan da aka amince masa, irin su farasitamol, gishirin gudawa da ACT, a cikin kwalinsu na asali. Yin allura, sayar da tiramadol ko Valium, da haɗa ƙwayoyi daban-daban a ƙulle a leda ba sa cikin abin da lasisin ya ƙunsa. Tallar magani a tasha ko a faranti cikin rana kuwa laifi ne a doka, kuma zafi kansa yana lalata magunguna da yawa.

Hukumomin sun kuma matsa wajen rufe buɗaɗɗun kasuwannin magani da ake saro kaya daga gare su. A 2024 aka tashi dillalan magani daga kasuwar Sabon Gari ta Kano zuwa cibiyar da aka gina a Dangwauro, domin a iya bin sawun kowane kwali daga masana'anta zuwa kanti.

Abin da mai saye zai duba

Kowane kwalin magani na halal yana ɗauke da lambar rajistar NAFDAC, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar yi da ranar ƙarewar aiki, da suna da adireshin kamfanin da ya yi shi. Masu jabu ma na buga lamba, don haka hukumar ta buɗe kundin Greenbook a intanet inda ake iya bincika ko samfuri na da rajista. Tun 2010 wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, ke ɗauke da wurin kankarewa mai lambar da ake turawa ta saƙon waya domin tabbatarwa.

Tsohuwar takardar likita ba ta zama izini na dindindin ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ko farfaɗiya da ya shekara yana sayen magani da takarda ɗaya yana buƙatar komawa asibiti, domin ƙoda da nauyi da shekaru na sauya adadin da ya dace da shi. Haka kuma bai kamata ya daina da kansa ba don ya ji an ce maganin tsoho ne. Zazzaɓi kuwa sai an yi gwajin jini kafin a sha maganinsa, tunda taifod da Lassa da sanƙarau duk da zafin jiki suke farawa.

Duk wanda magani ya yi wa illa, kamar ƙuraje masu ɗaye fata, kumburin fuska, raguwar ji ko ƙarancin fitsari, ya kamata ya koma asibiti da kwalin a hannu. Najeriya ta shiga shirin WHO na sa ido kan illolin magunguna a 2004, kuma ma'aikatan lafiya na cike takarda ta musamman su aika wa cibiyar NAFDAC, yayin da jama'a ke iya kai rahoto ta manhajar Med Safety ko ta ofishin hukumar da ke Lafiya. Daga irin waɗannan rahotanni ne aka tattara shaidar da ta kai ga janye allurar jentamaisin mai miligiram 280 daga kasuwa.